Yadda Ake Tafiyar Keke a Hanyar Coeur d'Alenes ta Arewacin Idaho, daga Mullan zuwa Plummer

A arewacin jihar Idaho ta Amurka, inda jihar ta tsuke ta zama siririn yanki tsakanin Washington da Montana, akwai wata hanyar kwalta mai tsawon mil 73, wato kimanin kilomita 117, wadda aka hana mota da babur hawanta. Sunanta Trail of the Coeur d'Alenes, kuma mutanen wurin suna furta ƙarshen sunan kamar Kor-da-len. Ta tashi daga garin Mullan da ke cikin duwatsu kusa da iyakar Montana, ta gangara ta kwarin da ake haƙar azurfa, ta bi gaɓar kogi da jerin ƙananan tafkuna da fadamu, ta ratsa gefen babban tafkin Coeur d'Alene, sannan ta haura cikin daji har garin Plummer. Faɗinta ya kai kimanin mita 3, kuma da yake a kan tsohon layin dogo aka shimfiɗa ta, babu hawa mai tsini a cikinta, babu kwana mai kaifi. Shi ya sa mai keken titi, irin mai siririyar tayar nan da ba ta son tsakuwa, yake iya bin ta daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: a san abin da ke ƙarƙashin kwaltar

Kafin maganar keke ko masauki, wajibi ne mahayi ya san dalilin da ya sa aka yi wannan hanya, domin duk ƙa'idojinta daga nan suka samo asali. Tun shekarun 1880 ake haƙar azurfa da dalma da tutiya a wannan kwari, har aka sa masa suna Silver Valley, kuma azurfar da aka fitar daga cikinsa ta haura oza biliyan 1. Layin dogon da ke ɗaukar ma'adinan an gina wasu sassansa ne da ɓaraguzan dutse da dusar ma'adinai da aka kwaso daga ramukan haƙa, kuma shekara da shekaru taragai suna tafiya suna zubar da abin da suka ɗauko a gefen layin. Kogin ma ya kwashe dusar ya baza ta cikin fadamu da tafkuna. A 1973 gobara ta lalata matatar hayaƙi ta masana'antar narka dalma ta Bunker Hill da ke kusa da Kellogg, aka ci gaba da aiki a haka, kuma a shekarar da ta biyo baya gwaji ya nuna gubar dalma mai tsananin yawa a jinin yaran yankin. An rufe masana'antar a 1981, a 1983 kuma gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin jerin gurɓatattun wuraren da dole a tsabtace.

Da kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya daina amfani da layin, sai aka cimma yarjejeniya tsakaninsa da gwamnatin tarayya da jihar Idaho da ƙabilar Coeur d'Alene, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, wadda wani ɓangare na layin ya ratsa ƙasarta. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wasu wurare, sauran kuma aka rufe ta da kwalta mai kauri da tsakuwa a gefe da gefe, aka buɗe hanyar ga jama'a a 2004. Saboda haka kwaltar nan tamkar murfin tukunya ce: muddin kana kanta kana cikin aminci, abin gudun yana ƙasa da kuma gefe.

Mai karatu daga arewacin Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan guba. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan jihar Zamfara, kuma cikin waɗanda suka jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje akwai injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho, waɗanda suka samu gogewarsu a aikin tsabtace Bunker Hill. Wanda ya san abin da ya faru a Zamfara ba zai ɗauki allunan gargaɗin da ke wannan hanya da wasa ba. Abin da suke cewa a taƙaice shi ne a tsaya kan kwalta da wuraren hutawa da aka gina, kada a sha ruwan kogi ko na tafki ko da an tace shi, a wanke hannu kafin a ci abinci, a ci abincin a kan teburan da aka tanada, kuma kada a bar yara su yi wasa da ƙasa ko laka a bakin ruwa. Ba a kwana a kan hanyar, ba a kuma hura wuta.

Mataki na biyu: a zaɓi lokaci

Daga watan Yuni zuwa Satumba ne lokacin da ya fi dacewa. A hunturu dusar ƙanƙara tana rufe hanyar, musamman can sama wajen Mullan da Wallace, farkon bazara kuma akwai sanyi da ruwan sama, kogin ma yakan cika ya tumbatsa. Yuli da Agusta sun fi zafi, rana takan kai digiri 30 ko fiye, amma da asuba akwai sanyin da zai sa mutum neman riga mai kauri. Babbar matsalar Agusta ita ce hayaƙin gobarar daji, wanda wasu shekarun yake lulluɓe kwarin na kwanaki, ya ɓoye duwatsun, ya kuma sa numfashi ya yi nauyi. A ganina ƙarshen Yuni ko makonnin farko na Satumba sun fi, sai dai mai zuwa a Yuni ya riƙe maganin sauro saboda fadamun tsakiyar hanya. Duk ranar da za a fita, a duba rahoton yanayi da na ingancin iska tun da dare.

Mataki na uku: a yanke shawarar inda za a faro da inda za a kwana

Babban filin jirgin sama mafi kusa yana birnin Spokane na jihar Washington. Daga nan babban titin I-90 yana kai mutum gabas ta birnin Coeur d'Alene har Kellogg da Wallace da Mullan, Plummer kuma yana kudu da birnin Coeur d'Alene a kan titin US-95. A lura da cewa hanyar keken ba ta shiga birnin Coeur d'Alene ba duk da sunan da suka haɗa, don haka kama masauki a birnin yana nufin sai an yi tafiyar mota kafin a taka feda.

Mullan yana bisa tsayin kusan mita 1,000 daga doron teku, tafkin yana kimanin mita 650, Plummer kuma ya ɗan haura mita 800. Wanda ya faro daga Mullan zai samu gangara mai laushi har Cataldo, sai shimfiɗaɗɗiyar hanya har ya tsallake tafki, sannan ya biya bashin da hawan kimanin kilomita 10 a ƙarshe. Wanda ya faro daga Plummer zai fara da gangara, ya ƙare da doguwar haura wadda ba a ganinta da ido amma ana jin ta a cinya. Iskar yankin ta fi busowa daga yamma, kuma ta fi ƙarfi da rana ta karkata, don haka mai tafiya yamma ya yi sammako domin ya ci rabin hanya kafin ta taso masa a fuska. Na fi son farawa daga Mullan saboda tsarin abin da ido yake gani: ana barin ƙarar babban titi da garuruwan haƙa a baya tun da wuri, tafiyar tana ƙara kyau yayin da ake ci gaba.

Gogaggen mahayi yana iya gama hanyar a yini ɗaya, amma kwana biyu ko uku sun fi ba da damar kallo. Idan kwana biyu ne, a yi Mullan zuwa Harrison, kimanin kilomita 90, a kwana, washegari a ƙarasa sauran kilomita 25. Idan uku ne, a fara kwana a Kellogg, sannan Harrison. Harrison ƙaramin gari ne ƙwarai, ɗakunan kwanansa kaɗan ne, kuma a tsakiyar bazara suna cika da wuri, don haka shi za a fara kamawa kafin a tsara sauran. Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne komawa. Hanyar ba zagaye take yi ba, saboda haka ko dai a ajiye mota ɗaya a kowane ƙarshe idan ana da yawa, ko a yi yarjejeniya tun kafin a zo da masu ɗaukar mahaya da kekunansu a mota, ko kuma a yi sansani a gari ɗaya a riƙa zuwa ana dawowa.

Mataki na huɗu: a shirya keke da guzuri

Duk keken da ke da lafiya zai yi, kuma akwai masu ba da haya a yankin ga wanda bai zo da nasa ba. Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi daɗi, domin a wasu wurare saiwar itace ta ɗaga kwaltar ta yi ƙananan tudu waɗanda siririyar taya mai tauri take isar da su kai tsaye ga hannu da baya. A duba birki, a sa wa sarƙa mai, a daidaita tsayin sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Akan yi tafiya mai nisa a wannan hanya ba a samu mai faci ba, don haka a riƙe tib biyu na sauyi, da famfo, da kayan faci, da ƙaramin makullin gyara, kuma a koyi cire taya a gida kafin a zo. Hular kwano, ƙararrawa, fitilar gaba da ta baya, rigar ruwa marar nauyi da man kare fata daga rana duk su shiga lissafi.

Ruwa ne babban abin lura. Za a yini ana tafiya a gefen ruwa mai kyan gani wanda ba a sha, kuma wuraren hutawa da yawa suna da bayan gida da tebur amma ba su da famfo. A ɗauki aƙalla lita 2 ga kowane mutum, a cika gora a duk garin da aka ratsa ko da ba ta ƙare ba, kuma a ƙara wani abu a kai kafin a shiga tsakanin Cataldo da Harrison. A riƙe sabulu ko tsumman goge hannu mai laima don lokacin cin abinci.

Musulmi yana da ƙarin tanadi. Ya ɗauki ruwan alwala daban, kada ya yi alwala da ruwan kogi ko tafki tun da akwai kurkurar baki da shaƙa ruwa, kuma kada ya yi taimama da ƙasar gefen hanya. Ya riƙe ƙaramar darduma, ya shimfiɗa ta a wurin hutawa da aka gina, ya kaɗe ta da kyau kafin ya naɗe. Alƙibla daga wannan yanki tana arewa maso gabas, ta fi kusa da arewa fiye da yadda mutumin Kano ko Zinder zai zata, don haka a dogara da manhajar waya da aka saita tun ana da sabis. A tsakiyar bazara rana tana fitowa wajen ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 na dare, kuma wannan yana sauya lokutan salla sosai. Abincin halal yana da wuyar samu a ƙananan garuruwan nan, don haka ya fi a yi sayayyar guzuri a Spokane.

Mataki na biyar: tafiyar kanta

Daga Mullan zuwa Wallace kimanin kilomita 11 ne, kuma nan ne gangara ta fi jan keke. Hanyar tana bin reshen kudu na kogin Coeur d'Alene tsakanin duwatsu masu lulluɓe da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, babban titi yana kusa ana jin ƙararsa. Iyakar gudu a kan hanyar mil 15 ce a awa, kimanin kilomita 24, kuma a wannan sashe keke zai zarce haka da kansa idan ba a riƙe birki ba. A shiga Wallace ta ƙarƙashin gadar saman da ta ɗauke titin I-90 daga kan garin, wadda aka kammala a 1991 bayan mutanen garin sun sa tsakiyar garinsu cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa don kada a rushe shi a yi titi. Ya cancanci tsayuwar awa ɗaya. Gine-ginen jan bulo suna nan, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta zama gidan tarihi, kuma a nan ake ba da labarin gobarar dajin watan Agusta na 1910, wadda ta cinye kimanin hekta miliyan 1.2 cikin kwana biyu, ta kashe fiye da mutum 80, ta ƙone kusan kashi ɗaya bisa uku na garin.

Daga Wallace ta Osburn zuwa Kellogg, kimanin kilomita 18, hanyar tana ratsa unguwanni da tituna da yawa. A nan ne mahayi zai tuna cewa hanya marar mota tana da mahaɗu da hanyoyin mota. Dokar Idaho tun 1982 ta yarje wa mai keke ya rage gudu a allon tsayawa ya wuce idan babu abin da ke tafe, amma baƙon da bai san wurin ba ya fi masa ya tsaya cak ya duba hagu da dama. Kafin Kellogg, kusa da Big Creek, akwai mutum-mutumin tunawa da mahaƙa 91 da suka mutu a gobarar ramin Sunshine a 1972. A Kellogg akwai shaguna da masaukai da motar igiya mai hawa dutsen Silver Mountain, mai tsawon kusan kilomita 5. Da an fita garin zuwa Smelterville za a ga faffadan tudun dusar ma'adinai da aka rufe aka shuka ciyawa a kai, da gangaren duwatsun da hayaƙi ya taɓa ƙone su ƙurmus aka sake dasa musu itatuwa. Wannan sashe ba shi ne mafi kyau ba, amma shi ne yake nuna wa mutum da idonsa abin da allunan gargaɗi suke faɗa.

Bayan Pinehurst da Enaville, inda rassan kogin biyu suka haɗu, hanyar tana rabuwa da hayaniyar titi. A Cataldo, wanda yake da lokaci yana iya ratsewa ta titin mota na ɗan gajeren zango ya ga tsohuwar majami'ar da limaman Katolika da 'yan ƙabilar Coeur d'Alene suka gina tsakanin 1850 da 1853 ba tare da ƙusa ba, wadda ita ce gini mafi tsufa da ke tsaye a Idaho.

Daga Cataldo zuwa Harrison, kimanin kilomita 43, shi ne zuciyar tafiyar, kuma shi ne ya fi buƙatar tanadi, domin babu gari na kirki a tsakani, sabis na waya ma yana zuwa yana ɗaukewa. Hanyar tana bisa tsohon tudun layin dogo, kogi a hannu ɗaya, fadama ko tafki a ɗaya hannun, wani wurin ruwan ya cika da ganyen bado har ba a ganin fuskarsa. Zalɓe yana tsaye a cikin ruwa marar zurfi, shaho mai kamun kifi ya yi sheƙarsa ta ƙirare a kan dogayen sanduna, kunkuru sun jeru a kan gungumen da ya faɗa ruwa suna shan hantsi. A nan kuma ake haɗuwa da muus, ƙatuwar dabbar nan dangin barewa mai dogayen ƙafafu, wadda namijinta yake iya kai kilo 400 ko fiye. Idan ta tsaya a kan hanya, a tsaya daga nesa a jira ta wuce da kanta, kada a kaɗa mata ƙararrawa, kada a yi ƙoƙarin raɓa ta. Uwa mai ɗa ta fi haɗari, kuma idan ta kwantar da kunnuwa ta tayar da gashin wuya, a ja da baya nan take. Sashen ba shi da inuwa sosai, don haka a sha ruwa kafin ƙishi ya zo, a huta a teburan da ke Bull Run ko Medimont. A riƙe hannun dama a duk tafiyar, a wuce na gaba ta hagu bayan an sanar da shi da murya ko ƙararrawa, kuma idan za a tsaya ɗaukar hoto a matsa gefen kwalta ba tare da an sauka cikin ciyawa ba.

Harrison yana kan gangaren da ke kallon tafki, a bakin inda kogin ya shiga cikinsa, yana da wurin cin abinci da ruwan sha da filin kafa tanti. Daga nan hanyar tana bin gaɓar tafkin kudu na kimanin kilomita 12, ruwa a dama, dutse da daji a hagu, kuma wannan ɓangare har Plummer yana ƙarƙashin kulawar ƙabilar Coeur d'Alene, don haka a mutunta allunansu da dokokinsu. Sai gadar Chatcolet, mai tsawon kimanin mita 945, wadda aka gina a 1921 don jirgin ƙasa, tsakiyarta tana juyawa a da domin jiragen ruwa su wuce. Da aka mai da ita ta keke sai aka ɗaga ta sama, aka yi mata hawa mataki-mataki, gajeren tudu sannan fili, gajeren tudu sannan fili. A sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin a fara hawa, a tsaya a sama a kalli yadda kogin St. Joe yake ratsa tsakiyar tafkuna tsakanin siraran gaɓoɓinsa biyu, sannan a sauka da birki a hannu, domin matakan suna ɗaga keke idan an sake shi.

Bayan gadar an shiga gandun dajin shaƙatawa na Heyburn, wanda aka kafa a 1908, kuma nan ne wurin cika gora na ƙarshe kafin hawan Plummer. Hawan ba shi da tsini, amma ba ya sassautawa har ƙarshe. A zaɓi giyar da za a iya juya feda da ita ana magana ba tare da haki ba, a riƙe ta, a bar inuwar dajin ta yi aikinta.

Bayan an sauka

A goge tayoyi da takalma da tsumma mai laima kafin a sa su cikin mota ko a shiga da su ɗaki, a wanke tufafin tafiyar daban, musamman idan akwai ƙananan yara ko mai juna biyu a gida, domin su ne dalma ta fi yi wa illa. Wanda ya rage masa yini ɗaya yana iya ƙarawa da North Idaho Centennial Trail, hanyar kwalta da ta bi gaɓar arewa ta tafkin ta ratsa birnin Coeur d'Alene har iyakar Washington, ko da yake wasu sassanta suna bin gefen titin mota. Akwai kuma Route of the Hiawatha kusa da Mullan, mai tsawon mil 15, da dogayen gadoji 7 da ramukan da aka huda cikin dutse, mafi tsawonsu ya haura kilomita 2 da rabi. Ita ta tsakuwa ce, ana biyan kuɗin shiga, dole ne a sa hular kwano da fitila mai ƙarfi, kuma keken titi mai siririyar taya bai dace da ita ba, sai an yi hayar mai faffadar taya. Mashigarta ta gabas tana cikin Montana, inda agogo yake gaba da na arewacin Idaho da awa ɗaya, don haka a tabbatar da agogon da ake nufi idan an sa lokaci da mai mota.